Hoton da Ya Faro Daga Ƙafa

Kwamfutar Labbo ta tsufa, kuma tana da wata ɗabi'a: in ya juya mata hoto zuwa tsarin da ake kira BMP, daga ƙasa take faro nuna shi, layi-layi, kamar mai saƙa tabarma. A Ƙauran Namoda ta 2001 masu iya wannan aiki ba su da yawa, shi ya sa Labbo yake ji da kansa.

Saura mako uku aurensa da Zulai 'yar Zurmi. Lefe ma ya tafi, bayan akwatunan sun kwashe wata guda a ɗakin ƙanwarsa Indo ana haɗawa.

Ran nan sai ga Mahmuda, direban hanyar Shinkafi. Sa'an Labbo ne, amma ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar shago, ya durƙusa har ƙasa, ya miƙo faifan fulofi yana sunne kai.

"Yaya Labbo, hoton wadda nika so na. Gusau anka sa min shi ciki, kowa ya kasa buɗewa. Kai ma ka san ta."

Bai ko jira amsa ba ya sulale.

Hoton a tsarin PCX yake, tsohon yayi. Labbo ya juya shi zuwa BMP yana murmushi, allo ya fara aikinsa. Takalma suka bayyana, sai gefen zani. Nan murmushin ya ɗauke.

Shuɗiyar atamfa ce mai zanen makulli. Shi ya zaɓo ta da hannunsa, ya kai wa tela, ya sa aka yi wa hannun rigar ado da zare ruwan gwal, ya jefa ta a lefe. Da layin ya kai gwiwar hannu, ga adon nan yana ƙyalli.

Kishi ya turnuƙe shi. Wato kayan da ya saya aka caɓa ado da su don wani direba! Wato durƙuson nan na rashin gaskiya ne! Hoto ya hau kafaɗa, ya taɓa wuya, sai aka ɗauke wuta.

Labbo dai ba ya cikin masu jira. Me ya rage a gani? Ya yago takarda, ya rubuta wa mahaifin Zulai layi biyu: ya fasa, a tambayi 'yarsu dalili. Ya tare ɗan kabu-kabu mai zuwa Zurmi, ya ce hannu da hannu, kuma kada ya tsaya ko shan ruwa.

Sai bayan la'asar wuta ta dawo. Ya sake buɗe hoton, don ya ga idon maciyar amana ya ƙara jin zafi da hujja. Takalma, zani, adon gwal, wuya, haɓa.

Indo ce ke yi masa murmushi, cikin kayan da ta ara daga akwati kafin a kai lefe.