Kukan Burtu a Dajin Gwaska

Tun bayan babbar gobarar nan, ba a shiga Dajin Gwaska hannu rabbana. Kowane baƙo sai ya ajiye ashana a ƙofa, ya ɗauki dashe ɗaya da gorar ruwa. Jatau, tsohon maharbi, shi ke yi musu jagora.

Yau Hajiya Lantana ya rako, wata 'yar kasuwa daga Kano, tana rungume da dashen ɗorawa kamar jariri. Ƙasa baƙa ƙirin, amma ko'ina kukan tsuntsaye ke tashi.

"Baba, ashe sun dawo!"

"Ina fa, Hajiya." Ya nuna mata wani ɗan akwati a jikin kututture. "Muryar waɗanda suka ƙone ce. Ana kunna ta ko 'yan uwansu za su ji su zo."

Shi ma a da, da irin wannan ya ci abinci: ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yi ta rarrafe har nama ya saki jiki. Yaudarar dai ita ce, sai dai yanzu babu baka a hannunsa.

Suna cikin tona rami sai ga kukan burtu daga bakin rafi, mai kauri kamar ganga. Jatau ya ƙame. Akwatin wajen tun da damina ruwa ya tafi da shi, a kan idonsa.

"Wannan ma akwatin ne?"

"Yi a hankali, Hajiya," ya raɗa mata. "Zuba ruwanki. Masu gida sun iso."