Ginshiƙi Gindi Sama

Da hannunsa Lung Intha ya buge ƙusar ice ta ƙarshe, rumbun shinkafar mahaifinsa ya saki jiki. Shekara saba'in yana tsaye a kan ginshiƙai takwas na tik, icen nan mai ƙarko, ga shi cikin kwana biyu ya koma tarin katako, kowanne da lambarsa ta alli.

Ba shi da ta cewa. A ƙauyukan Phrae 'yar auta ke gadon gida, don haka gidan ya faɗa hannun ƙanwarsa, 'ya'yanta kuma suka sayar da rumbun ga Prasong, mai sayen tsofaffin rumbuna yana mayar da su gidajen zama ga mutanen birni. Shi kuwa Intha, wanda kowa ke ce wa Lung, wato kawu, kafintan Prasong ne. A bayan rumfar katakonsa ma yake kwana tun rasuwar matarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

"Maigida, ka ba wani aikin sake haɗa wannan," ya roƙi Prasong.

"Lung, masu gidan sun ce kai ko babu. Ko gwiwar ce ta fara gardama?"

"Su wane ne?"

"Mutane ne da ba sa son surutu. Kai ma ka koya."

Ya kira 'yarsa Buaphan, wadda shekara tara ke nan tana aikin masana'anta a Koriya da mijinta, ya kai mata kukansa. Ta ce, "Haƙuri, Baba. Ka dai yi musu aikin da kyau." Har da 'yar dariya a muryarta. Dariyar nan ta fi sayarwar yi masa ciwo.

Da aka kai shi filin da za a kafa gidan, sai ransa ya ƙara ɓaci. A bakin kogin Yom yake, taku kaɗan daga wurin bautar da aka ajiye tokar matarsa. Wato baƙi za su kwana cikin rumbun ubansa, su tashi suna maƙwabtaka da matarsa, shi kuma ya koma bayan rumfa.

Kowane kafinta a nan ya san ginshiƙi yadda ya tsiro haka ake kafa shi, gindi ƙasa. Wanda aka kifa, gidan ba ya ganin lafiya: ciwo, rigima, yaro ya ƙi girma. Babban ginshiƙin rumbun kuwa an fere shi sumul, kai da gindi kauri ɗaya. Ba abin da ke bambanta su sai ɗan tsagin da mahaifinsa ya yi a gindin.

Da rana tsaka ma'aikata suka tafi inuwa cin shinkafa mai danƙo. Intha ya kankare tsagin, ya yi sabo a ɗaya gefen, ya shafe shi da toka da mai har ya tsufa. Iya ƙarfin da ya rage masa ke nan a duniya, ya kuwa yi amfani da shi.

Washegari da safe aka ɗaura wa ginshiƙin ɗan ayaba da rake, dattijon ƙauye ya yi addu'o'insa, ma'aikata suka duba tsagi suka kafa. Aka zuba siminti.

Daga nan saƙonnin masu gidan suka riƙa zuwa ta bakin Prasong. A yi matakala gajeru, da abin dafawa. Intha ya yi tsaki, ya ce ashe masu kuɗi ma gwiwa na cin su. A yi benci a ƙarƙashin gida, da wurin rataye kayan aiki. Ya yi. Aikinsa bai taɓa kyau haka ba, don hannun da ya saba ba ya iya ha'inci sau biyu.

Bayan an gama rufi saƙon ƙarshe ya zo: a kafa ƙugiya biyu jikin gungumen da ke kan babban ginshiƙi, na rataye shimfiɗar jariri.

Shi fuskar wani ƙaton attajiri yake gani duk kwanakin nan, bai taɓa kawo jariri a ransa ba.

"Maigida, a ɗaga rufin nan. Akwai abin da bai kwanta mini ba."

"A ɗaga me? Siminti ya kama, damina ta kawo kai, gobe masu gida na hanya. Me ya faru?"

Kafintan da ya kifa ginshiƙi, ko makara ba wanda zai sake ba shi ya haɗa. Intha ya hau tsani ya kafa ƙugiyoyin.

Washegari da motar masu gidan ta tsaya, ya ja baya da jakar kayan aikinsa, ya sunkuyar da kai. Ba ya son ganin fuskar kowa, don kada ta riƙa bin sa. Ƙafafu kawai ya gani, na mace, sun kumbura, suna takowa a hankali har suka tsaya a gabansa. Aka kama hannunsa, aka sa masa makulli a tafi.

"Na dawo maka da rumbun Kaka, Baba," in ji Buaphan, tana shafa cikinta da ya tsufa. "A nan zan haifa maka jika."