Telan da Ya Yi Shiru da Tsohon Littafin Wasa

Tunda ka kafe a kan cewa duk abin da ya zo sabo ya fi na da, zauna in ba ka misali. A wani gari na bakin layin dogo an yi wani mai gyaran rediyo da amininsa tela, sun shekara talatin suna wani wasa duk Asabar bayan la'asar, su da abokansu biyu. Wasan na baki ne da takarda. Mutum ɗaya ke riƙe littafin dokoki yana jan labari, ya ce ga daji, ga kogo, ga dodo a ciki, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko ya dace. Mai gyaran rediyo ne ke jan labarin, kuma mutum ne mai son sabon abu kamar ransa. Da an fito da sabon bugun littafin sai ya nemo shi, har suka kai ga wanda ya zo littafi uku, kowanne ya yi kaurin bulo, da ƙwayoyi bakwai, wata ma fuskarta ashirin. Kafin jarumi ya kai sara ɗaya sai an tara lamba biyar, an ɗebe biyu, an buɗe shafi an duba. Su kuwa sai hura hanci suke yi, wai wasan masu ilimi ne.

Ana nan sai hawan jini ya kayar da telan a kan kekensa na ɗinki. Ya tashi da shanyewar ɓarin dama, harshe ya yi nauyi. Likita ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa in bai riƙa motsa baki da hannu a watannin farko ba, abin da ya tafi ya tafi ke nan. Shi kuwa tun ranar da ya nemi ruwa ya ji yadda kalmar ta fito masa a karkace, sai ya juya fuska bango ya kulle bakinsa. Tsoro ya kama mai gyaran rediyo, tsoro na gaske, don ya san yadda rediyo ke mutuwa in an ajiye shi ba a kunnawa. Ranar Asabar ya kinkimo littattafan nan uku, ya jawo abokan, suka kewaye gadon. Ya ɗora wa telan takardar jaruminsa a cinya, shafi huɗu cike da lambobi. Telan ya zuba mata ido, idon na yawo daga wannan layi zuwa wancan bai sami wurin sauka ba. Gumi ya karyo masa, numfashi ya fara sama-sama, takardar ta zame ƙasa, hawaye suka bi kumatunsa ba sauti. Matarsa ta roƙe su don Allah su tashi. Mai gyaran rediyo ya koma gida. Ya je taimako, ya ƙare da nuna wa mutum iyakar abin da ya rasa, kuma in jinin ya sake hawa a kan wannan, ya san hannun wa ke ciki.

Kwana shida ko abinci bai yi masa daɗi ba. A na bakwai ya tono ƙarƙashin tarin matattun rediyoyi a shagonsa, ya zaro bugun farko da suka fara da shi suna samari, ɗan siririn littafi da kyankyasai suka ci bangonsa. Ƙwaya ɗaya ake jefawa, jarumi kuma layi shida ne a guntuwar takarda. Amma wannan ma tsoronsa yake ji. Shekara da shekaru suna kiransa wasan yara, telan kuwa mutum ne da ba ya ɗaukar raini, kai masa shi zai iya zama kamar an ce masa ya koma yaro. Sau biyu yana zuwa ƙofar gidan telan yana juyawa. A na uku ya yi sallama ya shiga shi kaɗai, ya gaishe shi bai sami amsa ba. Ya ajiye faranti a gefen gado, ya sa ƙwayar a cikin hannun nan da ya shanye, ya naɗe yatsun a kanta. Sannan ya ce, "Kana bakin kogo, wani abu na numfashi a ciki. In ka jefa shida, ka riga shi sara."

Mai gyaran rediyo na kallon ƙirjin amininsa yana hawa yana sauka, yana ta addu'a a zuci, har ya fara cewa shi ke nan, ya ƙarasa ɓata abin da ya rage. Can sai babban yatsan telan ya motsa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ƙwayar ta faɗa faranti ta gangara ta tsaya. Idon mai gyaran rediyo ya cika da ƙwalla har bai gani sosai ba, ya ce biyar ce, dodo ya riga shi. Sai telan ya juyo da kansa daga bango a hankali, leɓe na kokawa da harshe, ya ce, "Shida ce. Macuci."

Da ya goge ido ya duba, shida ce kuwa. Shi ya sa Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.