Binciken Marigayiya

Sufyanu ya haye tudu a bakin iyakar Illela yana neman sabis ɗin waya, gumi na keto masa. Ƙarin girmansa a kwaleji ya rataya kan maƙalar da manhajar AI ta rubuta masa, ga editar mujallar da ya aika wa, Dakta Altine, a waya.

"Binciken Halimatus Sa'adiya Yaro kan cinikin albasa da ka kafa hujja da shi, mun nema mun rasa."

Shi ma bai taɓa ganinsa ba, manhajar ce ta ƙago shi.

"Ranki ya daɗe, hannu da hannu ta ba ni a Ƙonni. Bara ta rasu, har jana'izarta na je."



"Malam, Altine sunan gida ne. Ni ce Halimatus Sa'adiya, kuma ban taɓa rubutu kan albasa ba. Mi ya kashe ni?"