Abin da Ya Tare Hanya

Baki shi ke yanka wuya, in ji magabata. To, a zamanin nan da na'ura ke shugabantar masu rubuta manhaja, maganar ta tabbata.

Kowace safiya sai ma'aikata su yi da'ira a tsaye, na'urar ta tambayi kowa abin da ya tare masa hanya. Duk abin da aka ambata, kafin azahar an kawar da shi. Ranar da Lantana ta ce kukan tsuntsaye na damunta, da la'asar ko kututturen darbejiyar da suke sauka a kai ba a gani ba. Da wani ya ambaci masinja, ba a sake jin sallamarsa ba.

Yau Baba Ilu ya shigo da damuwa. Idonsa ya yi rauni, bai gama nasa ɓangaren aikin ba, ga abokin aikinsa Barau ya kasa ci gaba sai da shi. A bakin ƙofa ya kamo hannun Barau.

"Ɗana, ka rufa min asiri. Aikin nan ne cina da shana."

"Haba Baba! Kai fa ka koya min aikin. Ni zan tona ka?"

Aka tsaya, Baba Ilu a hagun Barau.

"Barau, me ya tare maka hanya?" in ji na'urar.

"Babu komai."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya.

"Madalla," in ji na'urar cikin ladabi. "Sai dai na ga ka dubi hagunka kafin ka amsa."