Shakazobar da Ba Ta Kuka

Kwanaki ke nan Zuwaira ba ta cin abincin kirki, kuma ba komai ya jawo ba illa keken ɗanta Mus'ab ya daina kuka.

Keken gwanjo ne mai giya, mai ƙatti-ƙattin tayoyi, irin wanda ake hawa duwatsu da shi. Duk Maska babu irinsa. A ƙarƙashin sirdin akwai shakazoba mai sifirin, abin rage gargadar hanya, wadda tun da aka sayo shi take ƙiiƙi-ƙiiƙi kamar ƙyauren da ya sha damina. Daga cikin gida Zuwaira kan ji an fitar da shi daga zaure, ta ji an dawo da shi, hankalinta kwance.

Sai wata rana Mus'ab ya tura shi Funtuwa, ya dawo da sabuwar shakazoba baƙa, mai kauri. Tun daga ranar, shiru. Ta leƙa zaure da hantsi ta ga babu keke. Ta leƙa da azahar ta gan shi jingine, jar laka har wuya, an ɗaga sirdin can sama. Baƙin man sarƙarsa kuwa har wandunan ubansa ya fara ɓatawa, ta yi ta mita wajen wanki.

A wannan yanki, abin hawan da ba ya ƙara abin tsoro ne. Babur ana jinsa tun daga nesa. Keke kuwa sai ya kai burodi da magani da labarin mutanen gari har wajen ɓarayin daji, ba wanda ya ji wucewarsa. Kowa kuma ya san abin da 'yan sa-kai ke yi wa wanda suka kira infoma. Wanda aka kama bara, uwarsa takalminsa kawai aka kawo mata.

Ta tsare Mus'ab a bakin rijiya. Yaro ne siriri, iska mai ƙarfi ma sai ta tura shi.

“Don girman Allah, ina kake zuwa da keken nan?”

“Ba ko'ina, Inna.”

“To lakar fa? Daga sama ta faɗo?”

Ya dubi ƙofar turakar ubansa, ya sunkuyar da kai. 

Ba ta da wanda za ta gaya wa sai maigidan. Malam Mudi mutum ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa, mai yawan raha, wanda unguwa ke girmamawa. Bana da maƙwabta suka bar masararsu ta bushe a gona don tsoro, shi ya girbe tasa tsaf, ya ce albarkar addu'a ce. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ta kama bakinta, yaran yanzu sai haƙuri.

Ranar Laraba da safe abin da take gudu ya iso. 'Yan sa-kai sun ga sawun taya mai ƙuraje a hanyar daji, sun biyo shi har bakin gari. Suka aiko cewa mai keken ya zo bayan la'asar.

Zuwaira ta zauna a tsakar gida tana kuka.

“Ki bar kuka,” in ji Malam Mudi, yana kurɓar koko. “Keken nasa ne, ya tura abinsa ya je ya yi musu bayani. In na bi shi sai a ce ina kare shi.”

Ta yafa mayafi ta ce za ta je Funtuwa karɓo maganin hawan jininta. A kan babur ɗin haya ba abin da take yi sai salati. Dabara ɗaya ce ta zo mata: ta karɓo tsohuwar shakazobar mai kuka a mayar, don in an murza keken a gaban 'yan sa-kai su ji da kunnensu cewa wannan ba ya iya saɗaɗawa.

Ta sami shagon a layin masu kayan keke. Mai shagon, Ugochukwu, haifaffen Funtuwa ne, Hausa a bakinsa kamar ta Bakatsine.

“A'a, Mama, uwar Mus'ab ce da kanta! Ga kujera.”

Ba ta zauna ba. Ta ce tsohuwar take so.

“Wancan gwangwanin? Ai tuni 'yan jari-bola suka tafi da ita.” Ya jero mata wasu a kan tebur. “Ga mai sifirin, ga mai iska. Amma ba a zaɓen shakazoba da ido, Mama. Da nauyin mai hawa ake zaɓenta. In ta yi laushi, ya faɗa rami sai ta buga ƙasa. In ta yi tauri, ta wurgar da shi. Shi ya sa ni ba na ɗaurawa sai mai hawa ya zauna na ga yadda ta lotsa.”

Zuwaira ta dafa teburin. Daga masallacin kasuwa an fara kiran azahar.

“To wadda ka sa wa Mus'ab,” ta ce, “mai ɗaukar kaya ce? Kayan me ya ce maka zai riƙa ɗauka?”

Ugochukwu ya tuntsire da dariya.

“Mus'ab? Wannan ko ya yi tsalle a kanta ba za ta motsa ba! Shi kan keken kawai ya riƙe mana. Mai hawan ne ya zauna na daidaita masa, har yana ce min in ta yi ƙara ko sau ɗaya zai dawo ya ja min kunne. Ki gaishe min da shi, Mama. Wallahi mijinki akwai barkwanci.”