Telan da Ba Ya Awo

An yi wani tela a bakin kasuwa wanda ba ya awo. Mutum zai tsaya a ƙofar shagonsa, tela ya dube shi daga hula zuwa takalmi, ya ce ya dawo jibi, riga kuma ta zauna a jiki kamar tare aka haife su. Tef ɗin awonsa yana rataye a ƙusa har lambobin jikinsa sun koɗe, wasu ma sun ce gizo-gizo ya yi aure a kansa ya aurar da jikoki. Wannan sunan shi ne jarinsa, da shi yake ci, da shi yake taƙama. Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Maƙwabcinsa mai aski yana da wata tsohuwar kwamfuta, kullum bayan la'asar in aka zauna wasan ƙwallo a kanta sai ya lallasa tela a gaban 'yan majalisa. Tela bai taɓa yarda laifin hannunsa ba ne. Injin ne mai nauyin jiki, in ji shi, ka danna yau ɗan wasa ya buga gobe. Sai ya rantse zai haɗa tasa, irin wadda unguwar ba ta taɓa gani ba.

Ya zauna da wayarsa yana zaɓen kaya kamar mai zaɓen shaddar ango. Ya ɗauki ƙwaƙwalwar da ta fi kowace sauri. Ya ɗauki ram, wato ma'ajin tunanin inji, har babu sauran gurbi. Ya ɗauki na'urar wuta wadda, a faɗarsa, za ta iya tada injin niƙa, da fankoki masu fitila suna sauya launi kamar hawainiya. Da ya zo kan katin hoto, wato abin da ke zana wasan a kan allo, bai yi ƙasa da ido ba, ya ɗauki babban cikinsu mai fanka uku, wanda ake cewa da shi har gumin ɗan wasa kana gani yana gangarowa. Sai akwatin da za a zuba duka a ciki. Nan telancinsa ya motsa, don shi a duniya ya tsani burmemen kaya. Ya zaɓi wani ɗan fari tsaf, ɗamamme, mai gilashi a gefe. Mai aski ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Maƙwabci, ka dai duba tsawon katin nan da na akwatin, ai suna rubutawa a ƙasa." Tela ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Ni za a tura awo?" Abin da bai tuna ba shi ne, idonsa jikin mutum ya saba gani a tsaye a gabansa, a cikin waya kuwa giwa da ɗan tsako duk girmansu ɗaya, kowanne tafin hannu yake cikawa.

Ranar da kaya suka iso, ya shimfiɗa farin yadi a kan teburin yanka, ya tara majalisa su shaida. Komai ya shiga gurbinsa lafiya lau, tela yana ɗaure kusoshi yana gyaran murya. Da aka zaro katin daga kwalinsa, har mai shayin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya dubi katin, ya dubi akwatin, ya kau da kai. Tela kaɗai ne bai ga komai ba. Ya cusa shi ta kai, ya ƙi. Ya karkata shi kamar mai shigar da gado ta ƙofar ɗaki, ya ƙi. Katin ya ɗara akwatin da wajen taƙi guda. Sayen wani akwati amsa laifi ne, tela kuwa ba a haife shi don haka ba. Sai ya kwance fuskar akwatin gaba ɗaya ya jingine ta a bango, ya zaunar da katin, jelarsa a waje kamar ƙafafun dogon mutum a kan gajeriyar tabarma. Ya ce haka masana ke yi don inji ya sha iska.

Kuma gaskiya ɗaya ce, injin ya tashi, ya yi gudu, ciyawar fili ta fito kore shar, a yammacin nan tela ya ci mai aski cin da bai taɓa yi masa ba. Mai aski ya miƙa masa hannu ya ce, "Ka ci wasa, maƙwabci. Amma yau na ga ɗinkinka na farko da ya ɗangale." Kafin sati ya zagayo maganar ta gama kasuwa. Duk wanda ya kawo yadi sai ya saci kallon jelar katin nan, sannan ya nuna ƙusa da baki. Tela ya sauko da tef, ya karkaɗe jikokin gizo-gizo, yana zagaya ƙugun mutane da shi yana cewa shi dai don hankalinsu ya kwanta ne, idonsa ya riga ya gama aiki. Akwatin kuwa har yau yana nan baki buɗe, kowa ya wuce ya gani. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.